Yadda Ake Hawan Dutsen Nur Zuwa Kogon Hira a Sauko Lafiya

Duk lokacin da alhazai suka kammala aikinsu suna jiran jirgin komawa gida, ko masu Umara suka samu kwana biyu na sararawa, sai an samu wanda zai ce da ni, "Malam, don Allah ka kai mu Kogon Hira." Na hau dutsen nan sau da yawa, wani zubin ni kaɗai, galibi kuma da baƙi daga gida. Abubuwa uku na ga suna wahalar da mutane a kansa: lokacin da suka zaɓa, takalmin da suka sa, da saurin da suka fara da shi. Wanda ya gyara waɗannan ukun, ko da ya fara manyanta, yakan kai ya dawo lafiya da yardar Allah.

Jabalun Nur, wato Dutsen Nur, yana arewa maso gabas da Masallacin Harami, tazarar kimanin kilomita 4. Tsayinsa daga matakin teku ya kai wajen mita 640, amma da yake garin Makka ma a kan tudu yake, abin da ƙafarka za ta hau bai wuce kimanin mita 270 ba. Kada adadin ya yaudare ka. Ka ƙaddara bene ne mai hawa 90 aka ce ka hau da ƙafa, matakalarsa kuma wata gajera wata doguwa. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala a Kano kada ya ɗauka abu ɗaya ne, domin Dala kafin ka gaji ka kai. Nan kuwa mutum mai matsakaicin ƙarfi yana cin awa ɗaya zuwa biyu a hawa kawai.

Sannan a sani tun daga ƙasa: hawan dutsen nan ba ya cikin ayyukan Hajji ko na Umara. Wanda bai hau ba, babu abin da ya ragu a ibadarsa. Ziyara ce ta ganin wurin da Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam yake keɓewa yana kwanaki yana bauta, idan guzurinsa ya ƙare ya sauko wurin Nana Khadija ya sake ɗauka, har Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ a watan Ramadan, yana da shekara 40. Na faɗi wannan ne saboda dattawan da ke ganin in ba su hau ba sun yi asara, har su jefa kansu cikin abin da jikinsu ba zai ɗauka ba.

Kayan da za ka tanada

Takalmi. Kambas mai igiya, wanda ƙasansa ke da gurzau, kuma wanda ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmi zai yi maka bororo tun kafin rabin hanya. Silifas ɗin wanka da ake yawo da su a Harami su ne suka fi kowane abu kayar da mutane a dutsen nan. In ba ka da kambas, nemi sandal mai maɗauri a dunduniya, ka sa safa a ciki.

Ruwa. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane mutum, a ƙananan robobi. A ɗaya daga ciki ka zuba garin gishiri da sukari irin na kemis. In babu, ka haɗa da kanka: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Akan samu masu sayar da ruwa da shayi a hanya, amma da tsada, kuma ba kullum suke nan ba.

Jakar goyo. Komai ya shiga cikinta, hannuwanka biyu su zama a sake. Kada ka riƙe leda, za ka ji dalili a gaba.

Tocila. Wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi. Fitilar waya za ta yi a rashin uwa, sai dai tana cinye caji, tana kuma kama maka hannu guda.

Ɗan abin taɓawa: dabino, ayaba, biskit. Sanda ga mai ciwon gwiwa. Katin otal ɗinka, da katin Nusuk (katin shaidar alhazai) in lokacin Hajji ne, da canjin riyal na mota, da waya cike da caji. Mai shan maganin hawan jini ko na suga, da mai fuka da ke amfani da abin shaƙa, kowa ya sa nasa a jaka.

Tufafi marasa nauyi, waɗanda ba sa jan ƙasa. Alhaji, a bar babbar riga da doguwar jallabiya a masauki, riga da wando sun isa. Hajiya, ki sa wando a ƙarƙashin abaya, ki zaɓi wadda ba ta wuce idon sawu ba, hijabin ma kada ya zama mai tsawon da za ki riƙa takawa. A watannin sanyi, Disamba da Janairu, iskar saman dutsen da asuba tana da kaifi ga jikin da ya jiƙe da gumi, don haka a tafi da 'yar rigar sanyi.

Mataki na 1: Gwada jikinka tun a masauki

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka bar lif ka hau matakalar otal, hawa takwas zuwa goma, a hankali. Haki ba komai ba ne, kowa zai yi. Abin dubawa shi ne ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciyar da ya ƙi lafawa bayan ka huta minti biyar. In ka ga ɗaya daga cikinsu, ka haƙura. Haka mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai murar nan ta Makka da ta sauka a ƙirji.

Wanda ya haƙura bai tashi a banza ba. A gindin dutsen an gina wurin ziyara na Hira, akwai zauren da ake nuna tarihin saukar wahayi, da wuraren zama da na cin abinci. Iyayenmu suna iya zama a nan su jira masu hawa, dutsen yana gabansu suna kallonsa.

Mataki na 2: Zaɓi rana da lokaci

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Kada ka hau kafin aikin Hajji. Mina da Arfa da Muzdalifa da jifa suna buƙatar duk ƙarfin ƙafarka, ba daidai ba ne ka ƙarar da shi a kan abin da ba wajibi ba. Ka bari sai ka gama, ka huta kwana biyu. Mai Umara ma ya fara sauke ɗawafi da sa'ayi, ya kwance harami, sannan ya yi maganar dutse.

Kada ka hau da rana. Dutsen ba shi da inuwar bishiya, kuma dutse yana shan zafi ya riƙa mayar maka da shi ta ƙasa. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301. Zafin da ya yi wannan a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ka auna abin da zai yi wa mai hawa.

Lokacin da na fi so shi ne a fara hawa awa biyu zuwa biyu da rabi kafin kiran sallar Asuba. Za ka kai sama da sauran duhu, ka yi sallah a can, gari ya waye kana gani, ka sauko kafin rana ta yi ƙarfi. Illarsa ɗaya: mutane da yawa ma wannan lokacin suke so, layin kogo yakan yi tsawo. Wanda ba ya son cunkoso ya tafi bayan Isha ya sauko tsakar dare, amma ya san da tocila zai sauka, saukar duhu kuwa ta fi wuya. A watannin sanyi ana iya farawa bayan La'asar. A Ramadan, bayan Tarawihi ne kawai nake yarda in raka mutum, mu sauko kafin sahur. Hawa da azumi a baki ganganci ne.

Ruwan sama ba ya yawa a Makka, amma idan ya zo, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu, yana zuwa ne farat ɗaya da tsawa da walƙiya. In ka ga hadari, ka fasa. In kuma ka tarar jami'ai sun rufe hanya, kamar yadda akan yi a wasu lokutan, kada ka nemi zagayawa ta bayan gidaje.

Mataki na 3: Shiri a gindin dutse

Ka ci abinci mara nauyi awa biyu kafin ka fito, ka sha ruwa sosai. Ka hau tasi ka ce Jabalun Nur ko Garu Hira, ku daidaita kuɗi kafin ka shiga. Motar takan tsaya ne a ƙasa, daga nan titin kansa ya fara miƙewa sama.

Ka kama ruwa ka yi alwala a nan ƙasa, kada ka sa ran samun bayi a sama. Ka sake ɗaure igiyar takalmi. In ku da yawa ne, ku ƙirga kanku, ku karɓi lambar juna, ku ajiye wurin da za a haɗu in an rabu. Mafi rauni a cikinku shi zai shiga gaba, mai ƙarfi ya tsaya a baya. In aka juya wannan tsari, samari za su yi gaba, dattijo ya riƙa kokawar cim musu don kunya har numfashinsa ya ƙare. Kada kowa ya hau shi kaɗai a karon farko, kuma wani a masauki ya san inda kuka tafi.

Mataki na 4: Minti ashirin na farko

Fara da tafiyar da kai kanka za ka ga ta yi sanyi da yawa. Jiki yana da kuzari, zuciya tana ɗoki, ga yara suna wuce ka da gudu. Ka bar su. Da yawansu za ka tarar da su a gaba zaune suna haki. Sannu ba ta hana zuwa.

Ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne. Ka riƙa tasbihi a bayyane kana tafiya. In ka iya furta "Subhanallahi wa bihamdihi" a numfashi ɗaya ba tare da ta yanke ba, saurinka ya yi daidai. In ta fara yankewa, rage.

Ka ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan matakala, ba kan yatsu ba. Mai hawa da yatsu, sha-raɓarsa ce za ta ɗaure tun da wuri. Taku gajere ya fi dogo. Inda matakala ta yi tsawo, ka dafa cinya da hannu ka tura, ka kuma riƙa sauya ƙafar da ke fara hawa don kada gwiwa ɗaya ta ɗauki aikin duka.

Mataki na 5: Tsakiyar hanya

Duk minti goma zuwa goma sha biyar ka tsaya minti ɗaya ko biyu, a tsaye, ka jingina ta ɓangaren dutse, ba ta bakin gangare ba. Ka kurɓi ruwa kaɗan ko ba ka ji ƙishi ba. Dogon zama yana sanyaya jijiya, tashi ya yi wuya, don haka zama na sosai sau ɗaya ko biyu ya isa, a rumfunan da ke kan hanya.

Dalilin hana riƙe leda shi ne gwaggon biri. Akwai su a dutsen, sun kuma gane cewa leda abinci ce. Na ga sun fizge ta daga hannun wata baiwar Allah, tsoro ya sa ta ja da baya ba tare da ta duba ba, Allah ya kiyaye akwai mutum a bayanta. Kada ka ba su abinci, kada ka jefe su, kada ka tsaya kana zuba musu ido. In sun ɗauki abu, ka bar musu.

Za ka gamu da masu bara, har da masu riƙe da ɗan siminti suna cewa gyaran matakala suke yi. In za ka ba da sadaka, ka ware canji a aljihun gaba tun daga ƙasa, kada ka tsaya a ƙuntataccen wuri kana buɗe jaka mutane na jira a bayanka.

Saman dutsen kamar tozon raƙumi yake, kashi na ƙarshe ya fi ko'ina miƙewa. Za ka ɗaga kai ka ga kamar saura ƙiris, ka sha kwana ka tarar da wata matakalar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka daina ƙirga abin da ya rage, ka sa ido inda za ka taka.

Alamomin da ke cewa a tsaya: jiri, tashin zuciya, ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, ko mutum ya fara magana ba kan gado. Wanda gumi ya ɗauke masa alhali jikinsa ya yi zafi rau, wannan yana cikin haɗari. A kwantar da shi a inuwa, a sassauta masa tufafi, a zuba masa ruwa a kai da wuya da hammata, a yi masa fifita, a kira 911, ko 997 na motar asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki. Wanda kuma ya ji ba zai iya ci gaba ba, wani ya rako shi ƙasa, kada a bar shi zaune a ce za a dawo a same shi.

Mataki na 6: Ƙololuwa

Idan ka iso, kada ka zarce kogo. Nemi wuri nesa da baki ka zauna, ka ci dabino, ka sha ruwan gishiri da sukarin nan, ka sa rigar sanyi in akwai iska.

Sannan ka duba. Makka ce gaba ɗaya a ƙarƙashinka, fitilu sun cika kwaruruka tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga dogon benen agogo can kudu maso yamma yana nuna maka inda Ka'aba take. In ka dace da lokaci, kiran sallar Asuba zai taso daga masallatai ta ko'ina, wani na bin wani. Duk hawan da na yi, ban taɓa jin wannan ba tare da jikina ya yi sanyi ba. A nan nake tuna cewa wanda ya riƙa hawa wurin nan babu matakala ya hau, babu tocila, babu mai sayar da shayi a hanya, da guzurin kwanaki a kafaɗa.

Hoto kuma a ɗauka da hankali. Kada ka ja da baya kana kallon waya, kada ka haura shingen ƙarfe, kada ka hau kan dutsen da ya leƙa waje.

Mataki na 7: Shiga kogon

Da yawa suna zaton kogon a kan ƙololuwa yake. Sai ka ɗan gangara ta ɗaya gefen, ta wata matakala mai tsayi, sannan ka ratsa wani tsagi tsakanin manyan duwatsu wanda mutum ɗaya kawai yake ɗauka, shi ma a karkace. Cire jakar goyo ka riƙe a hannu, ka sunkuyar da kai, ka bar masu fitowa su fito kafin ka shiga. Mai jiki sosai, ko wanda ƙunci ke tayar wa da hankali, ya duba da kyau kafin ya kutsa. Ana iya hangen bakin kogon daga sama.

Kogon ƙarami ne, tsawonsa bai kai mita huɗu ba, faɗinsa kimanin mita ɗaya da rabi, duwatsu ne suka jingina da juna suka bar fili a ƙarƙashi. Mutum biyu ko uku ne ke tsayawa a ciki a lokaci guda, waje kuma ga jama'a daga kowace ƙasa suna jira. Nan ake ture-ture, maza da mata a cakuɗe. Hajiya, in kin ga an matsu, ki tsaya gefe da muharraminki har a ragu, ko ki wadatu da gani daga nesa. Babu wata sallah da aka wajabta a wurin, kuma cutar da Musulmi don a shiga ba abin da za a yi ba ne. In ka samu shiga, ka taƙaita, na bayanka ma daga nesa ya zo.

Abin da ke ɓata mini rai duk zuwa shi ne rubuce-rubucen sunaye a jikin duwatsu da robobin ruwa da aka watsar. Kada ka ƙara naka. Robar da ka hau da ita cike, ba za ta gagare ka saukowa da ita ba komai a ciki ba.

Mataki na 8: Saukowa

Yawancin faɗuwa da targaɗen da na gani a saukowa suka faru. Ƙafa ta gaji, hankali ya koma masauki, mutum yana ganin an gama. Ka bar wa saukowa rabin ruwanka, ka kuma ware mata aƙalla minti arba'in zuwa awa ɗaya.

Kafin ka fara, ƙara matse igiyar takalmi don kada yatsu su riƙa dukan gaba, farce ya mutu. Waya ta koma jaka. Gwiwa ta kasance a ɗan lanƙwashe, kada ka sauke nauyinka a kan miƙaƙƙiyar ƙafa. A doguwar matakala ka juya ka sauka a kaikaice, ƙafar da ke ciwo ita ce ke fara sauka. Mai sanda ya fara kafa ta a matakalar ƙasa sannan ya bi ta. Ka kula da tsakuwa da yashin da ke kan siminti, sun fi dutsen kansa santsi. Kada ka yanke hanya don ka ga wasu sun bi, gajeriyar hanyar nan tsakuwa ce zalla, kuma dutsen da ka tunkuɗo kan na ƙasa zai faɗa.

In cinyoyinka suka fara rawa, tsaya, ka ci wani abu mai zaƙi, ka jira su natsu. In jijiya ta ɗaure, ka miƙe ƙafar a hankali ka ja yatsu zuwa sama, ka sha ruwan gishiri. A wuri mai ƙunci ka raɓe ta jikin dutse ka ba masu hawowa hanya. Mai rakiyar dattijo ya shiga gabansa da taku ɗaya, dattijon ya dafa kafaɗarsa.

Da kun iso ƙasa ku sake ƙirga kanku kafin kowa ya shiga mota. Ka sha ruwa, ka karya, ka kwanta ka ɗora ƙafafu a kan matashi. Ciwon cinya ba ranar yake zuwa ba, washegari ne da jibi, har sujada da tashi daga zaman tahiya su yi maka nauyi. Saboda haka kada ka sa hawan a ranar ɗawafin bankwana ko jajibirin tafiya, kuma in kana da niyyar Dutsen Saur da ke kudancin gari, wanda ya fi wannan tsawo da wuya, ka bar aƙalla kwana uku a tsakaninsu.